Lawali Tela da Hanyar Bayan Dutse

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Lawali Tela makwancinsa a Gusau. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yara ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba tare da ɗayanmu ya tsokani ɗaya ba. Na saba idan watan rasuwarsa ya kama in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ɗansa Sanusi ya zo ya ce in nuna masa hanyar da ubansa ke bi da keke ta bayan dutsen Kwatarkwashi har Tsafe, mahaifiyarsa kuma ta roƙe ni don girman Allah kada in nuna. Cikin waɗanda suka taɓa bin hanyar nan daga farko har ƙarshe, ni kaɗai na rage.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali dogo ne siriri, mai shagon ɗinki a Tudun Wada. Hannunsa na da kyau, sai dai in za ka ba shi yadi, to ka haɗa masa da haƙuri. Da zarar an gama hidimar sallah, ko kaka ta yi an fara kai amfanin gona gida, sai ya ja ƙofar shago, ya ɗaure buta da bargo da famfo da kayan faci a bayan baƙin kekensa, ya kama hanya. Ba fatauci ke kai shi ba, ba biki ba, ba ta'aziyya ba. Mutanen unguwa sun kasa gane wannan al'amari. A wurinmu mutum ba ya barin gari sai da dalili, don haka in suka ce, "Lawali, mi za ka nema?" ya ce, "Ƙasa za ni gani," sai su kalli juna. Har akwai dattijon da ya taɓa jan mahaifiyarsa gefe ya ba ta shawarar a nema masa rubutu ya sha.

Ni a lokacin malamin firamare ne, ga hutu, ga teɓa, kuma ba ni da niyyar zuwa ko nan da can. Shi ya sa ni gaba. Kullum na kai masa ɗinki sai ya zagaya ni da tef yana salati, ya ce in ban fara motsa jiki ba in nemi wani telan, shi bai koyi ɗinkin tanti ba. Haushi ya sa na bi shi karon farko. Na rantse a hanya ba zan ƙara ba, na kuma bi shi shekara da shekaru.

Mukan fita bayan sallar asuba, mu saki kwalta tun ba mu yi nisa ba, mu nufi wajen Ruwan Bore ta cikin gonaki. Lawali ba ya ƙaunar kwalta ko kaɗan. Ya ce ta masu mota ce, mai keke a kanta alfarma ake yi masa. Hanyarsa 'yar siririya ce, ta masu zuwa gona da masu jakuna, dawa ta yi mata rumfa hagu da dama, raɓa tana jiƙa maka ƙafar wando. Akwai rafin da sai ka saɓa keke a kafaɗa. Akwai rairayin da in ka kuskura ka matse birki, to ka sha ƙasa, kuma na sha ta har na san ɗanɗanonta. Daga nan sai ƙasa ta fara tashi. Dutsen Kwatarkwashi da matafiyi ke hangowa ta tagar mota ya wuce, mu sai mu wuni muna kewaya shi, kowace kwana ya fito maka da wata fuska. A hawa nakan sauka in tura, ina haki ina tsine wa ranar da na biye masa, shi kuwa yana can sama zaune a kan fako yana ɓarar gyaɗa, yana tambayata ko a aiko mini da jaki.

A can ya nuna mini kufan mutanen da, waɗanda suka zauna a jikin dutse kafin su sauko ƙasa: guntayen tukwane, da wuraren da mata suka yi ta niƙa har dutse ya lotsa, da ragowar ganuwa wadda kuka ta tsiro a kanta. Sai ya sa tafin hannu a cikin lotson ya yi shiru, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. A 'Yandoto, garin malamai tun zamanin da, ba ya wucewa sai ya zauna da dattawa sun ba shi labarin da ya riga ya haddace, yana gyaɗa kai kamar ranar ya fara ji. Mu ƙarasa Tsafe da yamman washegari, ƙafa ta yi nauyi, mu zauna muna kallon dutsenta har a kira magariba. Wata shekarar mukan juya ta Bungudu, mu bi bakin gulbi cikin fadamu muna shan rake. Amma ta bayan dutse ita ce tasa.

Yana da ƙa'idoji da ba ya saɓawa. Ba ya shiga gari a kan sirdi. Tun daga bakin gari zai sauka ya tura, yana gaisuwa. A kowane ƙauye mai masaukinsa ɗaya ne, ba ya shan ruwan kowa sai ya sha na gidan, kuma ba ya canzawa ko da mai hali ya yi masa tayin shimfiɗa mafi taushi. Sannan ba ya ƙin aike. Kafin waya ta shiga ko'ina, mai keke shi ne wayar mutanen ƙauye. Wannan ta ce ka gaya wa ɗiyata a Tsafe an sauka lafiya, wancan ya ce ga ƙullin daddawa ka kai wa ƙanena. Idan Lawali ya ce "to", magana ta ƙare, zai kai, kuma zai dawo wa mai aiken da amsa. Na taɓa ganin ya juya da mu baya, rana ta take tsaka, don kawai ya manta bai gaya wa wata mata an ga akuyarta ba. Ranar kam na zage shi tas, ya ce in jira shi a inuwa tunda ni ba a aike ni ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Allah ya ɗauke shi, bayan 'yar gajeriyar jinya, a lokacin da rashin tsaro ke farawa, ana jin labarin satar shanu daga nesa. Bai ga ranar da ko a mota, a kan kwalta, da rana tsaka, sai mutum ya buga waya ya ji ko hanya ta yi kyau kafin ya tashi ba. 'Yan bindiga sun mayar da ƙananan hanyoyin nan nasa nasu. Wasu ƙauyukan da muka kwana a ciki yanzu ba ko kaza. Wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, nakan ji haushinsa da ya tafi ya bar ni da ganin.

Abu ɗaya na san zai ba shi dariya, shi ne samarin nan masu kekuna masu giyar canja gudu da hular kwano, da ke zagaya gari da safiyar Asabar. Da ya ga wandon da suke sawa, manne da cinya, cewa zai yi telan ne ya cinye yadin. To Sanusi yana cikinsu. Yanzu magidanci ne, da matarsa da 'yarsa, yana aiki a wani kantin magani a Sabon Gari, kuma shi kaɗai ne namiji a 'ya'yan Hajiya Kulu, matar Lawali. Lokacin da uban ke raye, kunyar baƙin keken nan yake ji, babur yake so. Sai da uban ya kwanta dama sannan abin ya shige shi.

"Baba Ummaru," ya ce da ni, "ya sha cewa in biyo shi, ina ƙi. Yanzu so nake in ga abin da yake gani. In ba ka nuna min ba, wa zai nuna min?"

Na ce zan yi tunani. Kafin in gama tunanin Hajiya Kulu ta yi sallama a gidana, ita da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fita takaba. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Malam, shi ɗai gare ni namiji. Na yi haƙuri da ubanai shekara da shekaru, lokacin ma ƙaya da maciji kawai nika tsoro. In ka gwada mai hanyar ga, ban yahe ba."

Na rasa tudun dafawa. Gaskiyarta ce, ba ko tantama. Amma shi ma ba shirme ya zo da shi ba, kuma ni na san gwiwata ta fara ba ni sanarwa. In na tafi, rafin nan da rairayin nan da kwanar da ake bi ta gindin kuka duk sun tafi da ni, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Ana haka na yi kiciɓis a kasuwa da ɗaya daga cikin masu masaukinmu na da, Malam Ɗan'ali, mutumin da na sani da rumbuna cike, yana sayar da itace. Muka rungume juna. Da na shiga tambayarsa wane fa, wance fa, sai na gane yawancin gidajen da Lawali ke sauka sun watse sun shigo Gusau, wasu a gidajen haya, wasu a kangwaye a bakin gari. Nan dabara ta faɗo mini, har ina yaba wa kaina. Na kai tsohon kekena wurin mai faci aka tashe shi, na aika wa Sanusi ya zo ranar Asabar zan kai shi.

Ya zo da hularsa da gorar ruwansa, fuska sai walƙiya. Da ya ga mun juya cikin unguwa maimakon mu fita gari, sai ya tsuke fuska. "Baba, wasa kake min?" Na ce ya dai biyo ni. Na bi da shi gida gida, bisa yadda ƙauyukan suke jere a hanya, na farko da farko. A kowace ƙofa muka sauka muka tura. A tsakani ina ba shi labarin ƙa'idojin ubansa, har da na akuya. Su kuwa da sun ji ɗan wa ne, sai a rasa inda za a sa shi. Wani ya ce ubanka ne ya ɗinka mini rigar aurena a zaune a zaurena, da allura da zare. Wata ta ce shi ya kawo mata labarin ɗanta ya ci jarrabawa. Kafin azahar fushin Sanusi ya sauka, ya rataye hular a kan keke yana ta tambayoyi.

Ta ƙarshe ita ce Inna Tumba. Ƙauyensu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, yana manne da bayan dutse, kuma a gidanta muke kwana. Furarta ce kaɗai ke sa in yafe wa Lawali hawan nan. Mun same ta a wani kango, ɗaki ba ƙyaure sai buhu da aka rataya, tana zaune da iyalin ɗanta waɗanda duk suka fita nema. Idonta ya yi rauni. Ba ta tambayi ko su wane ne ba sai da ta lalubo moɗa ta ba mu ruwa. Da na faɗa mata, ta ce, "Ɗan Lawali na? Matso in taɓa ka." Ta shafa kansa, ta shafa kafaɗarsa, ta ce tsawon ne dai, sak. Ta yi ta hira har tana dariya. Muna shirin tashi sai ta riƙe masa hannun riga.

"Tunda kai ma mai keke na, ga aike. Ka tahi ka diba min ɗakina, na kusa ga tsamiya. Ka gani ko jinka ta hwaɗi. Na baro turmina ciki."

Kafin in yi ko tari, Sanusi ya ce, "To, Inna."

Na kawo yaro don in raba shi da hanya, sai ga shi na kai shi inda aka ɗaura masa ita a wuya, kuma da bakina na gama koya masa cewa "to" ɗin mai keke ba ta tashi. Daga ranar bai ƙara tambayata hanya ba. Ya koma tambayar su Malam Ɗan'ali, kowa na ba shi guntun da ya sani, yana haɗawa. Labari ya kai wa Hajiya Kulu. Na je gaishe ta, ta amsa daga cikin ɗaki, a taƙaice, ba ta fito ba. Na kira Sanusi na yi masa faɗa, na yi lallashi, na ce aike ba wahayi ba ne, addini ma bai ce mutum ya kai kansa ga halaka ba, ya tuna da 'yarsa. Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi, sannan ya ce, "Babana ya taɓa cewa to ya fasa?" Bai taɓa ba kuwa.

Duk tsawon makonnin nan, kowace Asabar sai ya biya wurin Inna Tumba da ɗan goro ko ƙosai. Ta ce, "Ka tahi?" Ya ce, "Tukuna, Inna." Ta ce to, su shiga hira. Da ya tsayar da ranar tafiya, na ce masa aƙalla ya yi yadda uban ke yi, ya koma wurin mai aike ya ji ko da ƙari kafin ya tashi. Ya yarda, na bi shi. Niyyata in zube a gaban tsohuwar nan in roƙe ta ta janye, ko da zai ji kunya, ko da zai daina yi mini magana.

Ban kai ga buɗe baki ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, jibi in Allah ya so zan tafi."

"Ina za ka?"

"Ɗakinki. In dubo miki."

Sai ta daki tabarma da tafin hannu.

"Kai ɗan nan, kana da hankali kuwa? Can za ka? Jinka ta hwaɗi tun damanar da munka taso, an hwaɗa min. Turmin ma sun yi wuta da shi. Na sani sarai."

"To Inna, me ya sa kika aike ni?"

Ta juya fuska wajen buhun ƙofa. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ubanka in an ba shi aike, dole shi dawo shi kawo amsa. Tun da munka zo garin ga, ba wanda ya yi sallama ƙohwar ga don ni. Na ce in na aike ka, ka riƙa dawowa. Ban san tahiyar za ka yi da gaske ba. Na ɗauke maka, ɗana. Kai dai kar ka bar zuwa."

Sanusi ya sunkuyar da kai. Ni ma ban iya kallon kowa ba. Shekara nawa ina bin Lawali, ina ɗauka mutanen nan suna aikensa ne don ba su da wata hanyar isar da saƙo, ban taɓa kawowa a raina cewa wasunsu dawowar suke so ba. Ina jin shi ya sani tun tuni, shi ya sa bai taɓa raina ko da aiken akuya ba.

Sanusi bai je ba. Hajiya Kulu ta ji yadda aka yi, sai ranar Juma'ar da ta biyo baya ta aiko mini da dambu, ta kuma ɗaura wani kwanon a bayan keken ɗanta ta ce a kai wa tsohuwa. Yanzu kowace Asabar, in abokansa sun gama zagayensu sun watse, shi sai ya cire hula ya shiga nasa, daga gidan Malam Ɗan'ali har kangon Inna Tumba. Sun fara aikensa kuwa: wannan a karɓo masa magani, waccan a gaya wa 'yar'uwarta da ke wata unguwa tana nan da rai. Yana kaiwa, yana dawowa da amsa.

In na auna abin da Lawali ya bari, ba shi da yawa a ido. Shagon, wani ke ciki. Ƙananan hanyoyin da ya fi so, tunda ƙafa ta daina binsu, ina jin ciyawa ta rufe rabinsu, ko ni in aka ajiye ni a can yau sai na yi lalube. Abin da ya rage shi ne wasu tsofaffi a bakin gari, waɗanda aka raba da gonakinsu da rumbunansu da kaburburan iyayensu, amma in Asabar ta yi suna kasa kunne, don sun san akwai wanda zai yi sallama da sunansu. Ina kewarsa ƙwarai, har tsokanar tasa.

Allah ya jiƙan Lawali, ya yalwata masa kabari, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa garinsu tun yana da ƙafar komawa. Hanyar bayan dutse tana nan a kaina. Ban nuna wa Sanusi ba, shi ma bai ƙara tambaya ba, kuma yanzu ko na tafi da ita ba ni da baƙin ciki.